Dakta Kailani a Bencin Masu Jinya

Ranar da Inna ta faɗi, Dakta Kailani yana wani gari a arewacin Saudiyya. Fitowarsa ke nan daga ɗakin tiyata aka miƙo masa wayarsa, aka ce tun ɗazu take ƙara. Ƙanwarsa Naja'atu ce. Ta ce an yi ruwa da safe a Zariya, Inna ta fito kwashe shanya, santsin siminti ya kwashe ta a tsakar gida, ta kasa tashi. Maƙwabta suka taimaka aka kai ta asibiti. An yi hoto, an ce kan ƙashin cinya ne ya karye, daidai inda yake shiga kwankwaso.

Ya tambayi wane asibiti. Ta faɗa masa.

Asibitin nan ya san shi kamar ɗakin kwanansa. A can ya zama likitan ƙashi, a can ya fara furfura. Ya san yadda mai karaya yakan kwanta mako da makonni yana jiran layi, a hana shi abinci, a turo shi har bakin ƙofar tiyata, sannan a mayar da shi gado saboda babu wuta, ko ba a gama dafa kayan aiki ba, ko jinin da za a ƙara masa bai samu ba. Ya yi magana a taro har muryarsa ta gaji. Ya kawo shawarwari, aka yaba, aka ajiye. Da wata dama ta zo daga waje, sai ya kwashi matarsa Rahma da yaransu biyu ya tafi. Shekaru ke nan, kuma duk zuwan da yake yi hutu bai taɓa bin ta layin asibitin ba.

Ya ce wa Naja'atu kada ta bari kowa ya taɓa Inna. Zai taho, zai nema mata biza, a yi mata aikin a inda yake.

Bai kai ga cire rigar aiki ba wata lamba ta sake shigowa. Dakta Loveth Kato ce, 'yar Wusasa, wadda ya koya wa riƙon wuƙa tun tana ƙaramar likita mai rawar hannu. Yanzu ita ke riƙe da sashen ƙashi. Ta gaishe shi da girmamawa kamar da, ta tambayi Anti Rahma da yara, sannan ta shiga magana.

"Oga, na ga hoton Inna. Jininta ya ɗan hau, muna saukar da shi. Jibi da safe zan shiga da ita."

"Jibin gaske, ko jibin da na sani?"

Ta yi 'yar dariya. "Ka zo ka gani. Amma ba zan ajiye ta tana jiran biza ba. Kai ka koya mini cewa kwanciyar ce take cinye tsofaffi, ba karayar ba."

Maganarsa ce, kuma gaskiya ce.

Washegari ya sauka a Kano ya hau mota. Damina ta yi nisa, gonaki kore shar dama da hagu, masara ta fi mutum tsawo. Idonsa ya daɗe bai ga kore irin wannan ba. Da suka sauko daga gadar Kwangila ƙanshin gasasshiyar masara ya shigo ta taga, ga hayaniyar 'yan acaɓa, ga masu keke suna kiran Tudun Wada. Ya ce wa direban ya wuce da shi asibiti kai tsaye, gida ya jira.

Ya tarar da Inna a kwance, an tokare mata ƙafa da matashi, carbi a hannu. Kasancewarsa ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yana makarantar likitanci take ce masa Likita. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya rame, ta tambaya ko a can ba sa cin tuwo ne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya duba ƙafar, ya duba hoton, sannan ya kawo maganar tafiya a hankali. Ya ce a can akwai kayan aiki, akwai komai, shi da kansa zai zaɓa mata likita.

Inna ta bari ya gama tsaf.

"Ni da juyawa a gado ma sai an taimake ni, kake maganar jirgi. Yarinyar nan ta zauna nan inda kake, ta yi mini bayani da Hausa har na gane. Ta kawo irin ƙarfen da za ta sa mini, na riƙe shi a hannuna. A nan za a yi, Likita."

Ya san muryar. Bai sake tayar da maganar ba.

Sai da ya miƙe ne ya lura da ɗakin. A zamaninsa ɗakin nan cike yake fal, gado na gogar gado, ƙafafu a rataye da igiya da nauyi, masu jinya sun yi shimfiɗa a ƙasa da tukwanensu kamar waɗanda suka tare. Akwai wani wari da yake tarar mutum tun daga ƙofa. Yanzu ga gadaje har da waɗanda ba kowa. Wata mata tana takawa a hankali tsakanin gadajen, ta dafa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, wani ma'aikacin gashin ƙashi yana biye da ita. Ginin dai shi ne, fentin ma ya ƙara kwailewa, fankar da ba ta juyawa tun da can har yanzu ba ta juyawa.

A baranda ya yi karo da Malam Nagoda, mai ba da allurar kashe jiki, wanda suka yi shekara da shekaru suna tsayuwa a kan mara lafiya ɗaya. Gemunsa ya yi fari fat. Suka riƙe hannun juna suka kasa saki. Nagoda ya ja shi zuwa gindin darbejiya, ya sa aka kawo shayi, ya ba shi labarin abin da ya faru bayan tafiyarsa.

Ya ce da farko abin ƙara lalacewa ya yi, domin wasu likitoci biyu sun bi bayan Kailani. Da Loveth ta ga saura su ƙalilan, sai ta tara kowa, har da masu shara da mai kula da janareta, ta ce tunda ba su da yawa, ba su da safiyar da za su yi asara. Aka ware ɗakin tiyata ɗaya ga masu karaya kaɗai. Aka koma haɗa kayan aikin kowane mara lafiya tun da yamma, a dafa, a naɗe, a ajiye da sunansa, jininsa ma a tabbatar yana nan kafin a hana shi abinci. Shekarar farko an sha rigima, har an yi watannin da Nagoda da ita ba sa ga maciji. Daga baya wasu 'yan kasuwa da aka yi wa mahaifiyarsu aiki suka haɗa musu sola. Kuma duk ranar Alhamis suna zama, duk wanda aka ɗage wa aiki ko wanda ciwonsa ya yi ruwa, sai an tattauna dalili, ba don a kama mai laifi ba.

Nagoda ya kurɓi shayi ya ce yawancin abubuwan nan ai shi Kailani ne ya fara faɗarsu, Loveth ma takan ce haka. Ya faɗa ne don ya faranta masa rai. Kailani ya yi murmushi, ya kawar da kai yana kallon wata akuya da ta shigo ta ɓarakar katanga.

Da safe, kafin rana ta yi zafi, aka zo aka tura Inna. Ya bi gadon har bakin ƙofar tiyata. A nan Loveth ta tsaya cikin koren kaya, ta sunkuya ta tambayi Inna sunanta da kuma ƙafar da za a yi wa aiki, ko da yake ta sani, ta duba alamar da ta yi da alƙalami a cinyar. Kailani ya ɗaga ƙafa zai tsallake jan layin da ke ƙasa ba tare da ya sani ba. Loveth ta ɗago ta dube shi.

"Nan za ka tsaya, Oga. Yau kai ɗan mara lafiya ne."

Ya koma benci ya zauna kusa da Naja'atu. A ɗaya gefen akwai wani dattijo da aka kawo ɗansa, ɗan acaɓa, wanda zai shiga bayan Inna. A duk shekarun da ya yi a asibitin nan bai taɓa zama a kan bencin ba. Wucewa yake yi ta gabansa da sauri, mutane suna miƙewa.

Bangon ba shi da kauri. Da farko shiru, ya san Nagoda ne yake sa allurar baya. Can sai ƙarar zarto ta taso siririya ta tsaya, ya san an cire karyayyen kan ƙashin. Bayan wani lokaci aka fara bugu, ƙwas, ƙwas, a hankali, ya kasa kunne yana jiran inda sautin zai canja ya nuna ƙarfen ya zauna. Yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Naja'atu ta ga haka ta ce masa ya yi ta salati, Inna za ta fito lafiya.

Tsoro kam yana ji, uwa ce. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ba zai iya faɗa wa ƙanwarsa ba. So yake ya kasance a ciki. Ba don yana shakkar hannun Loveth ba. So yake ya tsaya a ƙarƙashin fitilar nan, ya ji Nagoda yana ba da labarin gonarsa ta hanyar Giwa ta bayan labule, nas tana tsokanarsa cewa shekara goma ke nan ana jiran buhun shinkafar da ya yi alkawari. A can inda yake komai yana aiki. Ba a taɓa ɗauke wuta ba. Ma'aikatan daga ƙasashe daban-daban suke, kowa ya san aikinsa, ana gaisawa da ladabi, ana gamawa kowa ya kama gabansa. Marasa lafiya suna gode masa ta bakin tafinta. A shekarun nan duka babu wanda ya taɓa tsokanarsa a ɗakin tiyata.

Dattijon da ke gefe ya tambaye shi ko ya san yadda likitocin nan suke, shi baƙo ne daga ƙauye. Kailani ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, hannunsu yana da kyau. Bai ce masa shi likita ba ne.

Kafin azahar aka fito da Inna, idonta biyu, tana tambayar ko an ba kajinta ruwa. Washegari ma'aikacin gashin ƙashi ya zo ya ce ta miƙe. Ta ce masa ba shi da tausayi, ta kira shi ɗan banza cikin wasa, sannan ta dafa ƙarfen ta miƙe, ta yi taku kaɗan zuwa taga. Naja'atu ta rufe fuska da gyale. Kafin mako ya zagayo an sallame su.

Sauran hutun da ya ɗauka a gida ya yi shi, a tsohon ɗakinsa na zaure. Inna tana zaune a kujera mai tsawo da aka sayo mata, tana ba da umarni. Ta sa aka yi masa tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, aka yi masa dambu, aka aika Tudun Jukun wajen wata ƙawarta aka karɓo daddawa. Maƙwabta suna ta shigowa dubiya, kowa da ciwon gwiwarsa ko na bayansa, ya zama kamar ya buɗe asibiti a tsakar gida. Bai gaji ba. Amma kullum da hantsi sai ya sami dalilin leƙawa asibitin: yau karɓo magani, gobe tambayar ranar cire zare, abin da ya fi kowa sani.

Ranar Alhamis ya shiga taronsu ya zauna a baya. Ya ji wata ƙaramar nas ta ce wa wani babban likita a gaban kowa cewa an makara da fara aikin Talata domin shi bai iso da wuri ba, likitan kuma ya amsa ya ba da haƙuri. Daga nan Loveth ta ɗaga wani hoton ƙashi. Wata malamar firamare ce mai cutar sikila, ciwon ya cinye mata kan ƙashin cinya har ya lotse, shekara biyu ba ta iya tsayuwa a gaban allo. Ƙashin masu sikila yana da wuyar sha'ani, ga tauri ga saurin tsagewa. Loveth ta ce ba ta yi irinsa da yawa ba. Ta waiwayo baya.

"Oga, lasisinka na nan yana da rai?"

Yana da rai. Duk shekara yake sabunta shi, bai taɓa gaya wa ko Rahma ba, shi kansa bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Aka bi ta ofis aka sami izini. Ranar Litinin ya wanke hannu a tsohon famfon da ya sani, wanda sai an danna shi da gwiwar hannu sau biyu yake kawo ruwa. Loveth ce mai aiki, shi mataimaki. Ya riƙe mata, ya nuna mata inda za ta sassauta, inda za ta bi da haƙuri. Ya ga hannunta ya daina rawa tuntuni, har ma akwai abin da take yi da ya fi nasa tsafta. Nagoda ya fara labarin gona. Malamar, wadda allurar baya ce aka yi mata don haka idonta biyu, ta ji baƙuwar murya ta tambaya ta bayan labule ko sabon likitan ɗan gidan wa ne. Da ya faɗi sunan mahaifinsa da layinsu, sai ta ce ashe ɗan Hajiya Ishatu mai kaji ne, ai gidan kakarta yana bayan nasu, tana yarinya ta sha satar musu gwanda. Ɗakin duka aka yi dariya. Kailani ya ji idonsa ya ciko, ga hannuwansa a cikin aiki, ba halin sharewa. Nas ta zaci gumi ne, ta goge masa goshi.

Bayan an gama suka zauna a ofishin Loveth, wanda a da nasa ne. Ya daɗe yana jujjuya kofi kafin ya tambaye ta, in ya dawo, ko akwai wuri.

Ba ta yi tsalle ba. Ta ce wuri kam akwai, mutum uku ma za su iya ɗauka. Amma kada ya yanke shawara saboda ya zo a mako mai kyau. Watan jiya batirin sola ya mutu sun koma jiran janareta. Akwai waɗanda har yanzu sai sun gama zagaye wajen masu ɗori ƙafa ta ruɓe ake kawo su. Akwai ranakun da ita ma takan zauna a mota ta kasa fitowa. Ta ce ya je ya yi shawara da Anti Rahma, in ya zo za ta yi murna, in bai zo ba aikin ba zai tsaya ba.

Maganar ƙarshen nan ba da nufin komai ta faɗe ta ba, amma maganar ce ta bi shi har gida.

Da la'asar ya kira Rahma. Ya ba ta labarin malamar da gwandar, ya ba ta labarin taron Alhamis, yana ta zuba kamar yaro. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce ta daɗe ba ta ji muryarsa haka ba. Sannan ta tuna masa cewa babban ɗansu Adnan yana gab da jarrabawar ƙarshe, ita ma sai bara ta sami aikin da take so a kantin magani na asibiti. Ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi su bari Adnan ya gama tukuna. Ya ce gaskiyarta. Dukansu sun san bayan Adnan akwai ƙanwarsa.

Ranar tafiya Inna ta ce sai ta raka shi zaure da ƙafarta. Ta riga ta ajiye ƙarfen mai ƙafa huɗu ta koma sanda. Ta taka a hankali, Naja'atu na gefe ba ta taɓa ta ba. A bakin zaure ta sa masa albarka, ta ce ya gai da yaran, ya kuma riƙa cin abinci. Ba ta jira motar ta tashi ba ta juya ciki.

Ya koma bakin aikinsa. Lokaci zuwa lokaci Loveth takan turo masa hoton ƙashi mai wuya ta waya, yakan bar duk abin da yake yi ya amsa. Malamar ta koma aji. Inna ta warke har tana zuwa suna da biki a unguwa, ko da yake ta ce ƙarfen yana gaya mata in hadari ya haɗu. Adnan ya gama, ya shiga jami'a a can, maganar dawowa ta koma jiran ƙanwarsa.

Wata sabuwar ɗabi'a ce ta kama shi. Ranakun da ba ya da aikin safe, yakan kira Naja'atu daidai lokacin da gari ya waye a Zariya. Su gaisa, ya gaisa da Inna, sannan ya ce kada ta kashe, ta ajiye wayar a kan taga ta ci gaba da aikinta. Da farko ta ɗauka wasa yake yi. Daga baya ta saba, takan jingina wayar da gwangwanin sukari ta tafi hura wuta. Shi kuma yana zaune a falonsa mai sanyi, labule a sauke, yana jin sandar Inna tana taɓa siminti, da mai tallan ƙosai a waje, da wani mai keke da ke rigima a kan hanya, da muryar Inna tana faɗa wai an bar mata ƙofar akurki a buɗe. Yakan daɗe a haka, har sai Naja'atu ta tuna ta dawo ta ce, "Yaya, kana nan?" ya ce mata yana nan.